Dokin Kaboyi a Makarantar Diresaj: Abin Ɗauka da Abin Bari

A shekarar 2010 an yi babbar gasar dawaki ta duniya a birnin Lexington na jihar Kentaki a Amurka, kuma cikin waɗanda suka shiga fili har da Anky van Grunsven, 'yar ƙasar Holan. Matar nan ta ci zinare sau uku a jere a wasannin Olamfik, a 2000 da 2004 da 2008, duk a fannin da ake kira diresaj, inda mahayi ke sa baƙar kwat da farin safar hannu, doki kuma yana taku kamar mai bin kiɗa. Amma a Lexington cikin shigar kaboyi ta fito, a kan sirdi mai ƙaho, ta saki doki a guje sannan ta zame shi ƙasa na tashi a bayansa. A 2010 ɗin dai wasu masu horar da dawaki a Amurka suka kafa ƙungiyar diresaj na kaboyi mai suna WDAA, da niyyar ɗaukar tsarin horon diresaj su ɗora shi a kan dokin kaboyi. Tun daga lokacin ba a daina gardama ba. Wasu tsofaffin makiyaya na ganin za a mai da dokin aiki ɗan rawa, wasu 'yan diresaj kuma na ganin an ari sunan sana'arsu an sa mata malafa.

Ni ina ganin haɗin yana da amfani ƙwarai. Damuwata ita ce amfanin yana ƙafafun doki na baya, yawancin masu kallo kuwa wuyansa suke duba, kuma daga nan ake ɓata dawaki da yawa.

Kalmar diresaj daga Faransanci take, ma'anarta horo kawai. Asalinta aikin sojan doki ne da na fadojin sarakunan Turai, shi ya sa da aka shigar da ita Olamfik a birnin Stockholm a 1912, hafsoshin soja kaɗai aka yarda su fafata, sai a 1952 aka buɗe wa kowa har da mata. Tsarin da ake bi a yau Jamusawa ne suka daidaita shi, tushensa yana cikin ƙa'idojin horon sojan dokinsu na 1912 da aka sake gyarawa a 1937. Abin da tsarin ke cewa shi ne aiki yana da gaba da baya. Da farko doki ya sami daidaiton taku, ya saki jikinsa ba ɗar-ɗar, ya yarda da hannun mahayi a bakinsa. Sai an sami waɗannan ake neman ƙarfin turowa daga baya, da miƙewar jiki, can ƙarshe kuma abin da suke kira tattaruwa, wato doki ya ƙanƙance tsakanin gabansa da bayansa, ya ɗan zauna a kan kuturinsa, gabansa ya yi sauƙi. Wanda ya fara da na ƙarshe ya bar na farko, siffar kawai zai samu.

Hawan kaboyi kuwa bukatar kiwo ce ta haife shi. Mutumin da zai wuni a kan sirdi yana bin shanu a dajin da ba shinge, hannunsa ɗaya yana riƙe da igiyar zarge, dole kamazuru ya koma hannu ɗaya. Dole doki ya juya da zarar kamazuru ya taɓa gefen wuyansa, ya tsaya cak idan an zarge maraƙi, ya yi sassarfa mai laushi wadda ba za ta karya ƙugun mahayi kafin la'asar ba. Kuma ba mai lokacin riƙe masa baki duk wuni. Sakakken kamazuru shi ne alamar hawan nan gaba ɗaya.

In aka bi tarihi baya, gidajen biyu ba su da nisa kamar yadda ake zato. Mutanen Sifen ne suka kai dawaki nahiyar Amurka, tun tafiyar Columbus ta biyu a 1493, kuma jagoran yaƙinsu Cortés ya sauka Meziko a 1519 da dawaki 16. Sun je da salon hawa iri biyu, ɗaya na sojan sulke mai doguwar likkafa, ɗaya kuma mai gajerar likkafa da saurin juyi da suke kira jineta, sunan da ya samo asali daga ƙabilar Zanata ta Arewacin Afirka. Ragamar horo da kaboyi ke kira hakamo daga kalmar Sifaniyanci hakima take, ita kuma daga Larabci shakima. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan zance, domin linzami da sirdi da likkafa duk kalmomin Larabci ne da suka tsallako Sahara, lijam da sarj da rikab. Duk wanda ya tsaya a ƙofar fadar Kano ko Katsina ko Zazzau ranar hawan salla ya ga mahaya sun taho jahi a sukwane sun zame dawaki a gaban sarki, ya riga ya ga ɗan'uwan abin da alƙalan gasar kaboyi ke ba maki. Kuma ya san cewa akwai zamiyar da doki ke yi da ƙarfin bayansa, akwai wadda zafin linzami ne ya sa shi, baki buɗe, kai sama, wani lokaci har da jini.

Makiyayan Kalifoniya na dā, waɗanda ake kira bakero, suna da nasu tsarin mai tsawo. Dukushi zai fara da ragamar fata saƙaƙƙiya a hanci, ba ƙarfe a baki. Bayan ya ƙware sai a sa masa babban linzami ya riƙa ɗauka a baki, amma har yanzu siririyar ragama ce ke yi masa magana, mahayi na riƙe da kamazuru huɗu. Sai bayan shekaru ake cire ragamar, a bar shi da linzamin nan mai faɗin harshe wanda motsin yatsa ya ishe shi. Ke nan haƙurin da ake yaba wa Jamus da Faransa akwai shi a gidan kaboyi tun asali. Kasuwa ce ta rage wannan haƙuri.

Ga yadda abin yake. Babbar gasar sarrafa doki ta ƙungiyar NRHA, wadda aka kafa a 1966, ana yin ta duk ƙarshen shekara a birnin Oklahoma, kuma ta dawaki 'yan shekara uku ce. Wanda ya zo na ɗaya yana tashi da ɗaruruwan dubban daloli, darajar ingarman da ya ci kuma ta haura har ga 'ya'yansa. Domin doki ya iya zamiya da juyi da canjin ƙafa yana ɗan shekara uku, sai an fara hawansa yana ɗan biyu. Gwiwoyinsa sun kusa ƙosawa a lokacin, amma ƙasusuwan gadon bayansa, inda sirdi da mutum ke zama, ba sa gama ƙosawa sai wajen shekara biyar zuwa shida. A diresaj na ƙasa da ƙasa, doki ba ya shiga mataki mafi girma sai ya kai shekara takwas. Uku da takwas: wannan tazarar ita ce zuciyar maganar. Hukumar dawaki ta duniya, FEI, ta karɓi gasar sarrafa dokin kaboyi a 2000, a 2018 ta soke yarjejeniyarta da ƙungiyoyin Amurka, a 2021 kuma ta cire fannin daga jerinta. Saɓani kan shekarun dawaki da dokokin ba su magani yana cikin abin da ya raba su.

Akwai kuma wata gasar da ta fi ba ni takaici, wadda ake duba dokin da ya fi daɗin hawa a hankali. Niyyar mai kyau ce, amma alƙalai suka yi ta ba wanda ya fi nawa maki, har aka wayi gari dawaki na tafiya hanci kusa da ƙasa, ƙaramar sukuwar da Allah ya halitta da bugu uku ta koma bugu huɗu, doki na ɗingishi alhali lafiyarsa ƙalau. Ƙungiyar AQHA, ta masu dokin kwata wanda kaboyi suka fi hawa, da kanta ta gyara dokokinta don hukunta sunkuyar da kai fiye da kima. Mutane da yawa da suka koma diresaj na kaboyi daga wannan fili suka gudo, kuma abin farko da suke tararwa shi ne alƙalin diresaj ba ya yafe lalataccen taku. Tafiya bugu huɗu ce, sassarfa biyu, ƙaramar sukuwa uku. Idan wannan ya ɓaci, duk sauran kwalliya ba ta ceto maki.

To mene ne ainihin abin da dokin kaboyi ke samu? Doki a tsaye yana ɗora kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa a ƙafafun gaba, saboda kai da wuya suna can. Mutum ya hau, ya ƙara masa. Duk aikin da kaboyi ke alfahari da shi kuwa, tsayawa cak da juyawa a kan saniya da tashi nan take, da ƙafafun baya ake yin sa. Diresaj yana da darussan da aka ɗauki ƙarnuka ana gwadawa don mai da nauyi baya sannu a hankali. Mafi shahara shi ne wanda Bafaranshe La Guérinière ya bayyana a wajen 1730, wato shigo da kafaɗa. Doki yana tafiya a gefen katanga, ƙafafunsa na baya suna kan hanya, sai a shigo da kafaɗunsa ciki kaɗan, kamar digiri 30, jikinsa ya lanƙwasa a ƙafar mahayi. In ka tsaya a gabansa za ka ga sawu uku maimakon biyu. A kowane taku ƙafar baya ta ciki tana shiga ƙarƙashin cikinsa ta ɗauki nauyi. Ba abin burgewa ba ne ga ɗan kallo, amma wata shida na wannan yana canza yadda doki ke tsayawa.

Dalilin shi ne kowane doki karkatacce ne, kamar yadda mutum ke da hannun da ya fi ƙarfi. Ɗaya gefen yana lanƙwasa cikin sauƙi, ɗayan ya ƙage. A gasar kaboyi ana ganin wannan ƙuru-ƙuru: doki ya zame amma kuturinsa ya zille gefe, layuka biyun da kofatansa suka ja a ƙasa ba su yi daidai ba, ko ya yi juyi mai kyau ta dama, ta hagu kuma kafaɗarsa ta faɗi ciki, ko ya canza ƙafar gaba a sukuwa ya makara da ta baya. Mai gaggawa zai ƙara ƙaimi ko ya sauya linzami mai zafi. Mai bin tsarin diresaj zai koma sassarfa da da'ira mai faɗin mita 20, ya yi ta sauya taku, daga tafiya zuwa sassarfa, daga sassarfa zuwa tsayuwa, har ƙafar da ke gudun aiki ta yi ƙarfi. Lynn Palm, wata mai horar da dawaki a Amurka, ta daɗe tana wannan kafin a sa masa suna. Dokin da ta hora, Rugged Lark, ya ci kambun gwarzon dokin AQHA sau biyu, a 1985 da 1987, kuma an san shi da nune-nunen da take yi da shi ba linzami a kansa.

Inda gidajen biyu suka yi karo da gaske shi ne batun baki. Ɗan diresaj yana riƙe kamazuru da hannu biyu, ba ja ba, ba saki ba, yana jin bakin doki a yatsunsa kowane lokaci, kuma yana so doki ya miƙo wuya ya nemi hannun da kansa. Linzamin da aka gina wannan a kansa shi ne ƙarami mai gaɓa a tsakiya, wanda kamazuru ke ɗaure kai tsaye a zobbansa: gwargwadon jan da ka yi, gwargwadon abin da doki ya ji. Babban linzamin kaboyi daban ne. Yana da sanduna biyu da suka sauko ƙasa da baki, da maɗauri a ƙarƙashin haɓa. Yana aiki kamar yadda ake cire ƙusa da bayan hama, ƙaramin ja ya zama babba, kuma matsin yana sauka a dasashi da haɓa da ƙeya a lokaci guda. An ƙera shi ne don ishara a sakakken kamazuru: doki ya ji nauyin kamazurun ya motsa, ya amsa tun kafin maɗaurin ya kama shi.

Dokokin WDAA sun yarda mutum ya riƙe wannan babban linzami da hannu biyu. Na fahimci dalilin, ana so a buɗe ƙofa ga wanda dokinsa ya saba da shi. Amma ban yarda da hikimar abin ba. Mahayin da bai ƙware ba, an gaya masa ya riƙe baki kamar ɗan diresaj, a hannunsa kuma akwai ƙarfen da ke ninka ƙarfinsa, abin da zai faru sananne ne. Doki zai guje wa zafi ya naɗe haɓarsa zuwa ƙirji. Wuya zai yi baka mai kyau a hoto, kamazuru zai yi sauƙi a hannu, mahayi ya ɗauka ya sami tattaruwa. Alhali gadon baya ya lotsa, ƙafafun baya sun zauna can a baya suna jan ƙasa. Kama da wane ba ta wane. Wanda ke son cin amfanin diresaj ya koma ƙaramin linzami ko ragamar hanci, ko da dokinsa ya shekara goma sha biyar, kuma dokokin sun ba shi wannan dama.

Kada kuma a ɗauka cewa gidan diresaj tsarkakakke ne. Naɗe wuyan doki da ƙarfi har haɓa ta kusa taɓa ƙirji ya yi yawa a manyan filayensu, sai da FEI ta fito a 2010 ta ce ba ta yarda da yin sa da tilas ba. A 2024, ana gab da Olamfik na Paris, Charlotte Dujardin ta Birtaniya, mai zinare uku, ta janye bayan fitowar wani bidiyo da ya nuna tana ta zabga wa doki bulala a ƙafafu, daga baya aka dakatar da ita shekara guda. Kaboyin da zai yi aro ya san daga wace rumfa zai ɗauka.

Sai batun halitta. Dokin da ya fi yawa a hannun kaboyi shi ne dokin kwata, wanda ya sami sunansa daga tseren kwatan mil, kuma ƙungiyarsa ta AQHA da aka kafa a 1940 tana da hedikwata a Amarillo ta jihar Teksas. Gajere ne, mai faɗin ƙirji da ƙaton kuturi, kuma da yawansu kuturin ya ɗan fi kafaɗa tsawo, wuya ya fito ƙasa-ƙasa. Dawakin Jamus da Holan da ake kiwo don diresaj dogaye ne, gabansu a ɗage tun haihuwa, takunsu kamar suna shawagi. Wanda ya ce sai dokin kwata ya yi irin wannan taku zai gajiyar da shi a banza ya kuma ɓata masa gaɓoɓi. A nan WDAA ta yi daidai da ta fayyace cewa ba a neman dokin kaboyi ya zama kwafin na Turai, kuma kowane irin doki yana iya shiga. Ana auna shi da abin da jikinsa zai iya: shin kofaton baya yana sauka a sawun na gaba ko ya wuce shi, shin gadon bayansa yana motsi, shin wutsiyarsa a sake take.

Sirdi ma yana da tasa. Na kaboyi yakan ninka na diresaj nauyi, fatarsa mai kauri ce, kuma da yawa an rataye likkafarsu gaba, mahayi ya zauna kamar a kujera ƙafafu a miƙe. A haka ƙafarka ba za ta yi wa haƙarƙarin doki magana a hankali ba. Amfaninsa shi ne yana baza nauyi a wuri mai faɗi, abin da dokin wuni ke bukata.

Wasu darussan kuma sun yi kama a ido amma ba ɗaya ba ne, kuma haɗa su yana rikita doki. A juyin kaboyi, doki yana kafa ƙafar baya ta ciki a wuri ɗaya, gabansa ya zagaya da gudu kamar fanka, jiki a shimfiɗe. A juyin diresaj ana cikin ƙaramar sukuwa ne, ƙafar nan ba ta kafewa, tana tashi tana sauka a kowane taku, ana zagayowa cikin taku shida zuwa takwas, gaba a ɗage. Abin da ake ba maki a nan shi ake cire wa maki a can. Doki mai hankali yana iya koyon duka biyun, amma sai mahayi ya bambanta masa ishararsu sarai.

Ko a cikin masu wannan tafiya ba a zama ɗaya ba. Eitan Beth-Halachmy, haifaffen Isra'ila da ya zauna a Kalifoniya, yana cikin waɗanda suka assasa harkar tare da tsohon mai horo Jack Brainard, amma daga baya shi da matarsa Debbie suka ci gaba da nasu tsarin mai suna Cowboy Dressage, a filin mita 20 da 40, inda suka fi ba laushin hannu muhimmanci. WDAA kuwa ta shiga ƙarƙashin hukumar dawaki ta Amurka a 2013, tana da matakai daga na share fage zuwa sama, ana ba kowane motsi maki daga 0 zuwa 10, kuma babbar gasarta ana yin ta a jihar Oklahoma. In ka duba rabuwar da kyau, a kan tambayar nan ta baki take: nawa za a riƙe, yaushe za a saki.

Akwai abin da dokin kaboyi ke da shi wanda nake tsoron a rasa cikin wannan karatu. A gasar ware saniya daga garke, wadda ƙungiyarta ta NCHA ta kafu tun 1946, mahayi yana da minti biyu da rabi. Da zarar ya fitar da saniya guda, sai ya sauke hannunsa a wuyan doki, kamazuru ya yi lilo, in ya ɗaga don ya nuna masa hanya a cire masa maki. Daga nan doki ne ke karanta saniyar. Ta yi dama ya riga ta, ta yi hagu ya tare, ƙirjinsa kusa da ƙasa, kunnuwansa a kanta. Dokin da aka saba gaya masa inda zai ajiye kowane kofato yana iya daina wannan tunani, ya tsaya jiran umarni saniya ta wuce. Masu horon da suka san abin da suke yi sukan raba mako: kwana biyu ko uku a fili ana gyaran jiki, sauran a daji ko a bayan shanu, kamazuru a sake, a bar shi ya zaɓi inda zai taka.

'Yan diresaj na Jamus ma suna da irin wannan gwaji. A tsakiyar sukuwa mahayi yakan miƙa hannuwansa gaba a kan wuyan doki har kamazuru ya saki, don alƙali ya ga ko doki zai riƙe takunsa da siffarsa da kansa, ko kuwa hannu ne ke tallafe da shi. Taku biyu ko uku ake yi a haka, sannan a sake ɗaukar baki. Dokin ware saniya yana yin kusan dukkan aikinsa a wannan hali, da saniya a gabansa tana neman hanyar komawa garke.